Dabbobin da Ake Raɗa wa Yara da Waɗanda Ake Yankawa Kawai

Sunan dabba wani rukuni ne na sunayen yara da Hausawan N'Djamena, kamar 'yan'uwansu na Kano da Maraɗi, suke ƙyamata da baki alhali gidajensu cike suke da shi. Batun ya ƙara tasowa ne tun da wayar hannu ta shiga harkar raɗin suna. A da uba yakan tambayi liman ko ya waiwayi sunan mahaifinsa. Yanzu mai jego kan shiga intanet tun cikin yana wata biyar, tana neman sunan da babu mai shi daga Farcha har Chagoua, kuma son samu ya fito daga halittun Ubangiji, don a ce iyayen masu zurfin tunani ne. Fure da tauraro da ruwan sama ba su taɓa tayar da rigima ba. Damina da Marka da Anaruwa tsofaffin sunaye ne, kaka ma tana murna da su. Matsala tana farawa ne daga lokacin da abin da aka zaɓa yake da ƙafafu, ko fiffike, ko wutsiya.

A ranar suna, wato kwana bakwai da haihuwa, dabba ɗaya ce take halarta a hukumance, shi ne rago. Shi ake yankawa kafin sunan ya zauna, shi ake soyawa a rarraba wa dangi, fatarsa ma ba ta tsira. Duk da wannan sadaukarwa, ba a san wani gida da ya taɓa yi masa takwara ba.

Ka'ida ta farko da jama'a suke bi, ko da yake ba a rubuta ta ba, ita ce ta haƙori da ƙaho. Gwargwadon yadda dabba take iya kashe mutum, gwargwadon darajar sunanta. Fadawa suna gaishe da sarki da "Zaki", makaɗa suna kiran attajiri toron giwa ko bajimi, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙara. Ƙasar Chadi tana da manyan hujjoji a wannan babi. Sarkin Wadai da Faransawa suka ƙwace wa birnin Abeche a 1909 an fi saninsa da Dud Murra, "dud" kuwa zaki ne a Larabcin ƙasar. Babban kwamandan da ya jagoranci sojojin Chadi a Fada da Wadi Dum lokacin yaƙi da Libiya a 1987 sunansa Hassan Djamous, "jamus" kuma bauna ce. Ya rasu a 1989, kuma sunansa filin jirgin saman N'Djamena yake ɗauke da shi. Kowane alhaji da ya tashi daga nan zuwa Jidda a filin Hassan Bauna ya yi sallama da iyalinsa, bai kuwa ji komai a ransa ba.

Dabbobin da suke yi wa mutum aiki su ne aka haramta wa shiga takardar haihuwa. Jaki ya ɗauki ruwa da itace da hatsi tsawon tarihin Sahel, ladansa shi ne a kira daƙiƙin ɗalibi da sunansa. Akuya tana ba da nono da nama, sunanta zagi ne da ba a faɗa gaban surukai. Kaza tana ba da ƙwai, tunkiya tana haifar ragon layya, kare yana gadi har asuba ba albashi, kuma kowannensu ashar ne idan aka jingina shi ga ɗan mutum. Zaki kuwa, wanda bai taɓa tsinana wa kowa komai ba sai cinye shanun makiyaya, shi ake rububin yi wa takwara. Tambarin ƙasar Chadi ya yi ƙoƙarin gyara wannan zalunci, domin dabbobi biyu ne suke riƙe da garkuwarsa, zaki a gefe ɗaya, akuyar duwatsu a ɗaya gefen, kafaɗa da kafaɗa. Iyaye sun duba tambarin da kyau, suka ɗauki rabinsa. Ban da bajimi, zakara ne kaɗai a cikin dabbobin gida ya samu 'yar sassauci, shi ma sai yaro ya girma ya ci gasa ake ara masa sunan na ɗan lokaci.

Ka'ida ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ita ce ta harshe. Dabba tana shiga kowane gida muddin ta yi sallama da harshen da masu gidan ba sa ji sosai. Usama da Haidar zaki ne a Larabci. Fahad wani ɗan'uwan damisa ne mai tsananin gudu. Uwaisu ƙaramin kyarkeci ne, Huraira 'yar kyanwa. Abubakar, wanda a Chadi ake taƙaitawa Abakar, a cikinsa akwai "bakar", wato saurayin raƙumi. Masu manyan ƙamus na Larabci sun ce Usman ɗan tsakon wani tsuntsun hamada ne. Rahila kuwa daga Ibrananci ta fito, ma'anarta tunkiya. Darajar mafi yawan waɗannan sunaye daga bayin Allah da suka ɗauke su ta zo, Sahabbai da magabata, wannan kuma ba abin wasa ba ne. Abin dariyar yana wajen mutanen yau. Uban da ya sanar a ƙofar gida cewa sunan jaririya Huraira, za a ce Allah ya raya, a ci goro a watse. Da zai ce sunanta Kyanwa, kafin azahar yayyensa sun kira taron dangi, gwaggo ta fara bincike ko iska ce ta taɓa shi, dangin mai jego kuma sun fara maganar a ba su 'yarsu ta je gida wankan jego, ba ranar dawowa.

A Kano wannan dabara tana tafiya lafiya, domin mai sayar da tumatir ba ya bin ƙamus. N'Djamena ta fi wuya. Hausawan birnin, waɗanda da yawansu jikokin fatake ne da mahajjatan ƙafa da suka yada zango a hanyar Makka, suna zaune cikin garin da Larabci ne harshen kasuwa, Faransanci na ofis, ga kuma harsuna fiye da 100 da ake yi a faɗin ƙasar. Abin da ya ceci Usama shi ne Larabcinsa na littafi ne, ɗan acaba bai san shi ba, shi "dud" ya sani. Amma uwar da ta tsinto wani suna mai daɗin faɗi a intanet, mai gaɓa biyu da wasali a ƙarshe, tana cikin hatsari, domin a gari irin wannan da wuya a rasa maƙwabcin da a harshensu kalmar ba sunan wani ƙadangare ba ce. Maƙwabcin kuma ba zai faɗa ba sai an gama cin ragon.

Ta ɗaya gefen ma haka abin yake. A Barbarci "kura" na nufin babba, don haka Baba Kura da Abba Kura sunaye ne na girma a gidajen Barebari. Bahaushe ya san da haka sarai, ya kuma san muryar kalmomin biyu ba ɗaya ba ce, amma bai taɓa barin sani ya hana shi tsokana ba. A unguwannin Kiristoci irin su Moursal akwai masu suna Léon da Rachel, zaki da tunkiya ke nan cikin kwat da siket, suna zaune lafiya. Sai kuma ma'aikacin rajista na gunduma, wanda yake rubuta kowane suna da ƙa'idar Faransanci. A hannunsa Muhammadu ya zama Mahamat, Usman ya zama Ousmane, da za a kawo masa Giwa zai mayar da ita Guiwa, ta fito a takarda kamar sunan maganin tari. Wasu iyaye suna ɗaukar wannan a matsayin kariya, sun manta cewa a makaranta da baki ake kiran suna.

Sunayen mata suna da nasu babin. A wajen zance saurayi yana kiran budurwa barewa, ko tantabara, ko ɗawisu, ita kuma ta rufe fuska da mayafi tana murmushi. Bayan shekara biyu, idan shi wannan saurayin ya ce a sa wa 'yarsu ta fari Barewa, matar da aka yi wa kirarin ita ce ta farko da za ta ce ba da ita ba. Tana da hujja. Suna ba na jaririya kaɗai ba ne, na tsohuwar da za ta zama ne, kuma Hajiya Barewa mai shekara 65 da ciwon gwiwa, wadda sai an kama ta take hawa mota, ta shiga bakin jikoki har ƙarshen rayuwarta. Karin maganar da ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe za ta zama sandar dukan duk ɗan da ta haifa ya faɗi jarrabawa. Kurciya tsuntsuwa ce mai ladabi, sai dai sunanta ne sunan asirin da ake cewa yana raba mutum da garinsu, don haka babu uwar mijin da za ta yarda a ce an kawo wa ɗanta Kurciya. Hankaka an san shi da mai da ɗan wani nasa. Ungulu ba a ma kawo ta cikin shawara. Mafita a nan ita ce komawa ka'ida ta biyu, a ce Rim, farar barewar Larabawa, kowa ya yaba.

Hukumomin da suke tantance suna ba su da ofis. Ta farko kaka ce, wadda al'ada ta ba ta lasisin yi wa jika ba'a, ta kuma riƙe lasisin da muhimmanci. Sai kishiya, wadda ba ta cewa komai, illa ta kira sunan da ƙarfi a tsakar gida tana jan wasalin ƙarshe. Mafi tsanani ita ce makaranta, ta allo da ta boko duka. Yara ba su san alama ko hikima ba. Idan uba ya sa wa ɗansa Shaho don ya zama mai hangen nesa, abokan karatunsa kaji za su riƙa ɓoyewa idan ya shigo, ranar da aka rasa wani abu a aji kuma an san wanda ya sure.

Duk wannan taka-tsantsan bai hana dabbobi samun takwarori ba, ta ƙofar baya kawai suke shigowa. A ajin da Mahamat ya kai shida dole a bambanta su, kuma ba iyaye ake tambaya ba. Mai yawan ci ya zama Mahamat Kura, mai wayo Mahamat Dila, mai dogon wuya Mahamat Raƙumi. Laƙabin titi ba a yanka masa rago, ba a rubuta shi a gunduma, amma shi yake bin mutum har gidan surukai. Sunan yankan da aka kwashe wata huɗu ana nema a waya kuwa sau da yawa ba a ma kiransa a gida, domin idan ya zo daidai da na wani babba alkunya takan mayar da yaron Abba ko Baffa, yarinya kuma Ummi.

Hukuma ma ta taɓa sa hannu a harkar suna a wannan birni. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya ƙaddamar da shirin komawa ga sunayen gida, ya ajiye François ya ɗauki Ngarta, ya mayar da Fort-Lamy N'Djamena. Amma gwajin da ya fi dacewa da wannan batu ya zo ne a 2001, lokacin da ayarin masu bincike ƙarƙashin Michel Brunet ya tono wani ƙoƙon kai a hamadar Djurab, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara miliyan 7. Aka raɗa masa Toumaï, sunan da 'yan ƙabilar Gorane suke sa wa yaran da aka haifa gab da rani, mai ma'anar fatan rayuwa. A nan sunan yara ne aka ɗauka aka ba wata halitta, kuma masana suka yi ta gardama a kanta, wasu suna cewa tana kan layin kakannin ɗan Adam, wasu suna cewa tsohon gwaggon biri ne kawai. Bisa ka'idojin kaka da kishiya, sunan ya mutu ke nan. Sai dai ƙoƙon ya sa an ambaci Chadi a jaridun duniya, shugaban ƙasa na lokacin ya yi alfahari da shi, zancen biri ya bi iska. A 2004 aka sa wa kamfanin jiragen saman ƙasar suna Toumaï Air Tchad, jiragensa kuma suka riƙa tashi daga filin Hassan Djamous.