Takarda Daga Utrecht: A Sauko da Keken Baba Alhaji

Takarda ta fito daga hannun Sani, mazaunin birnin Utrecht a ƙasar Holan, zuwa ga taubashinsa Malam Lawal a Daura. A karanta ta a zaure bayan Isha'i, da ƙarfi, don kada Lawal ya haɗiye rabinta.

Bayan haka, saƙo ya iso. An ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin acaɓa ke lashe albashin malamin makaranta, har Lawal ya ɗaura aniyar koyon keke da furfurarsa, kuma yana so a aiko masa da ɗaya daga Turai, tunda ya ji a nan kekuna sun fi mutane yawa. Abin da ya ji gaskiya ne. Mutanen ƙasar kimanin miliyan 18 ne, kekunansu sun haura miliyan 20. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai akwai ma'ajiya mai hawa uku da ke cin keke 12,500, an kammala ta a 2019. A Amsterdam kuwa kowace shekara sai an tsamo dubbai daga cikin ruwa. Duk da haka mai takarda ba zai aiko ba, don kuɗin dakon zai ninka kuɗin keken, kuma ga Raleigh ɗin marigayi Baba Alhaji can rataye a ɗakin shirgi, bayan buhunan ƙaiƙayi, zanzaro ya yi unguwa a ƙarƙashin sirdinsa.

Kada a raina shi. A Nottingham ta Ingila kamfanin ya soma tun shekarun 1880, ya daina ƙera keke a can a 2002, a 2012 kuma wani kamfanin Holan mai suna Accell ya saye shi. Ke nan maƙwabtan Sani ne yanzu ke da sunan, ƙarfen kirkin kuwa yana Daura.

Sani ya san halin mutuminsa. Da zarar an sauko da keken, Lawal zai garzaya kasuwa ya sayo ƙararrawa da madubi biyu da jar rigar sirdi mai geza, ya bar birki sai Allah. To a riƙe masa kuɗin. Roba ce farkon abin da ke mutuwa a keken da ya daɗe a ajiye, ko da ba a taɓa hawa ba. A matsa gefen taya da babban yatsa: in tsaga ta bayyana, tayar ta gama aiki, komai kyan zanenta. Lambarta 28 x 1½, tana rubuce a jiki, a tafi da tsohuwar wurin mai kaya don kada a dawo ana gardama. Tub kuwa, a hura shi a tsoma a daron ruwa a nemi kumfa. Amma kafin a yanke masa hukunci a kwance bawul, domin a cikinsa akwai wata 'yar roba siririya da ke tare iska, ita ce ke ruɓewa, sai a yi ta zargin tub da laifin da bai yi ba. A ɗiga yawu a bakin bawul, in ya kumbura an kama ɓarawo. Irin wannan bawul ɗin ne cike da titunan Holan har gobe, kuma nan ma an iya ɗiga yawun, sai dai a waiga tukuna.

A kuma duba ƙyallen da ke zagaye cikin wili, wanda ke rufe kawunan wayoyi. In ya cinye, sabon tub ba zai kwana ba. Mai faci zai yanko tsohon tub ya shimfiɗa, shi ke nan.

Sai birki, kuma nan ne mai takarda ya daina dariya na ɗan lokaci. Birkin wannan keke na sanda ne, ba na waya ba. In an matsa, sandunan ƙarfe ne ke jawo robobi biyu su kama cikin wili. Robobin sun bushe sun zama dutse, dole a sake su, a ɗiga mai a kowace gaɓar sanda, a ɗaure har birki ya kama tun hannu bai kai rabi ba. Wilin da ya karkace zai riƙa kamawa yana saki, saboda haka a ɗaga keken a juya taya a zuba ido, in tana rawa a bar mai gyara ya ja wayoyin. Ko ɗigon mai kada ya taɓa inda roba ke kamawa. A kuma gaya wa Lawal tun yanzu cewa wilin ƙarfe in ya jiƙe, birki sai ya yi shawara kafin ya kama. Da damina ya fara matsawa tun daga nesa.

Kaca a cire ta, a jiƙa a kananzir ta kwana, a goge da tsohon buroshi, a shanya, sannan a sa mata mai kaɗan a share ragowar. Mai da yawa a ƙasar Daura gayyatar yashi ne, yashi kuwa shi ke cinye haƙora. A buɗe cibiyar tayoyin, a wanke boris, a sa sabon giris. Wanda zai buɗe ya shimfiɗa faranti a ƙasa, don boris ɗaya in ya faɗa rairayi sai dai kaji su ba da labarinsa. Noti ma kada a yar da ko ɗaya: tsofaffin Raleigh suna da nasu zaren da nasu awo na Ingila, na kasuwar yau ba kowanne ke shiga ba. In an taka feda aka ji tana zillo, fin ɗin da ya riƙe hannunta ne ya saki, a buga shi da guduma ya zauna sannan a ɗaure notin, ba a ja shi da noti kaɗai.

Ban da kwanan kaca a kananzir, duk wannan aikin wuni ɗaya ne a rumfar mai faci. Ba sai an kai shi Jami'ar Sufuri ta Tarayya ba, ko da yake tana nan Daura, kuma Lawal zai so a ce kekensa ya shiga jami'a kafin shi.

Yanzu ga mahayin. Yaran da, a keken haya suka koya, su zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda suna tafiya a karkace, gwiwa duk tabo. Wannan ba na mai iyali ba ne. A nan Holan yaro tun yana shekara biyu ko uku ake ba shi ɗan keke marar feda, ya yi ta tura ƙasa da ƙafa har jikinsa ya gane daidaito da kansa. Haka za a yi wa Lawal. A sauke sirdi ƙasa, in tsatsa ta riƙe a zuba kananzir a ba shi dare, a cire feda biyun. Ta hagu zarenta a juye yake, wanda ya murɗa ta yadda ya saba ƙara ɗaure ta yake yi. Sai ya zauna, ƙafa biyu a ƙasa (in sun kai, don Allah bai yi wa taubashi tsawo ba), ya tura, ya ɗaga ƙafa, ya kalli gaba ba tayarsa ba. Ranar da ya yi taki ashirin ƙafa a sama, ya kuma tsaya da birki ba da silifas ba, a mayar masa da feda. Ya naɗe ƙafar wandon dama. Babbar riga ta zauna a gida.

Wurin koyo ya zama ƙasa mai tauri, filin makaranta bayan an tashi, a kuma share tsidau da ƙayar aduwa. Ban da hanyar Kongolam ranar Lahadi, lokacin da motocin shanu ke fitowa daga kasuwar Mai'adua. Ban da kusa da fada a kwanakin Sallar Gani, don dawakin hakimai ba su san ɗan koyo ba. A kan hanyar Sandamu ko ta Zango ma sai ya iya sakin hannu ɗaya ya amsa gaisuwa ba tare da ya bi ta ba.

In kunya ce ke damunsa, a sanar da shi cewa Mark Rutte, firaministan wannan ƙasa daga 2010 zuwa 2024, a keke ake ganinsa yana zuwa ofis a Hague, ba jiniya ba 'yan rakiya a jere. Kuma tun Yulin 2019 duk wanda aka kama a nan riƙe da waya yana tuƙa keke sai ya biya tara. Mai takarda ya ɗora wa Lawal wannan doka daga nesa, Inna ce za ta karɓi tarar.

Kuɗin taya biyu da tub da robar birki suna tafe ta hannun Yaya Hadiza, ita za ta biya mai faci da kanta. A cire daga kuɗin sharar bana. Wanda ya ɗauki bidiyon faɗuwar farko, Sani ya yi masa alkawarin agogo.

A gaida Inna da jiki, a gaida yara. Haza wassalam.