Maɓalli Biyu, Yatsa Ɗaya

Ni dai matsayata ba ta canzawa: tsakanin abokan aiki a rubuta ko a kira, saƙon murya kuwa a bar wa 'yan gida. Ba labarin kaina zan bayar ba, wanda kuma ya ce ya ji muryata a wani zaure sai ya kawo shaida. Hujja ce zalla. WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, zuwa 2022 kamfanin da bakinsa ya ce ana aika biliyan 7 a kullum, ba sai an yi duba ba a san wasu sun ɓata hanya. Rubutu, tun 2023, kana da minti 15 ka gyara shi, in ma ya fita kana iya cewa ba a fahimce ka ba. Murya ba ta gyaruwa, ba ta musuwa. Tafe take da tsakinka, da dariyarka, da yadda ka kwaikwayi gyaran muryar Oga kafin ya ce babu kuɗi.

Za a ce ai mu mutanen baki ne, gaisuwa a rubuce ba ta da gishiri, ga direba da maigadi waɗanda karatu ke ba su wahala. Gaskiya ne. To a kira su mana, bayan an tambaya ko suna da sarari, ba ƙarfe goma sha ɗayan dare ba. Kira in ya ƙare ya ƙare. Babbar hujjar masu murya ita ce wai ai ana gogewa. Nan nake so a zauna. Tun 2017 aka kawo goge wa kowa, da farko minti 7 kacal, yanzu ya kai kwana biyu. Sai dai matsalar ba ta kwana biyu ba ce, ta daƙiƙa goma ce. A ɗauki ƙaramin ma'aikaci ranar Litinin, ya zazzage wa amininsa minti uku kan alawus ɗin da ya maƙale, ya saki yatsa, sannan idonsa ya kai sama ya ga sunan zauren ofis. Zauren ne a saman jeri, don ba ya minti biyar ba a turo addu'a ko sanarwar ɗaurin aure ba. Ya danne saƙon, hannu na rawa, aka ba shi zaɓi biyu, ɗaya a kan ɗaya, rubutu iri ɗaya, launi iri ɗaya: goge wa kowa, goge wa kaina. Yatsan da ya ɓata zaure ɗazu shi aka ba wannan jarrabawa. Ya danna. Saƙo ya ɓace. Ya yi ajiyar zuciya, har ya ce alhamdulillahi. Sai ga dariya daga ofishin akanta, ta cikin bango, da muryarsa tana fita a lasifika.

Kansa kaɗai ya goge wa. Mutum talatin na da saƙon, shi mai shi ba shi da shi, ba zai iya janyewa ba, ba zai ma ga wa ya saurara ba. Kamfanin ya san wannan rami, shi ya sa a ƙarshen 2022 ya ba da daƙiƙa biyar a dawo da abin da aka goge bisa kuskure. Daƙiƙa biyar ɗin nan su ne ya kashe wajen hamdala. Sai ya zuba wa waya ido, ta nuna Oga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Wannan ya fi takardar tuhuma zafi, don ita takarda an san abin da ke cikinta.

A nan masu ba da shawara ke taruwa, kuma na yarda su ma hujja ce mai ƙarfi da ake kawo mini, wai kowace ɓarna da maganinta. Masinja zai ce a kashe data, kamar wanda ya rufe ƙofa bayan akuya ta fice. Sakatariya za ta ce a ce yaro ne ya taɓa wayar, yaron da ya san matakin albashi da sunan akanta. Wani zai ce a roƙi admin ya goge, tunda an ba su wannan iko a 2022, shawara ce mai kyau, sai dai admin ɗin Oga ne. Direba kuwa yana jingine da ƙofa yana sakace, sai an gama sannan ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, abin ai mai sauƙi ne. Ka ce ba kai ba ne, kutse aka yi maka. Amma kada ka rubuta, ba za su yarda ba. Danna ka faɗa musu da bakinka."