Wasiƙa Zuwa Ga Malam Jazarin Biyu

Takarda ta fito daga hannun wani tsohon malamin hisabi zuwa ga Malam Jazarin Biyu, dattijon zuriyar lambobin da ba su da iyaka, mazaunin ƙarƙashin alamar nan √, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da tambayar lafiyar ƙannenka Jazarin Uku da Jazarin Biyar da sauran ahalin gidanku baki ɗaya.

Bayan haka, Allah ya gafarta malam, almajiran sakandare waɗanda jarrabawar WAEC ta ƙarato musu sun wakilta ni in kawo ƙararka, ni kuwa da yake shari'a ba ta yarda a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa ba, sai na ga ya fi dacewa in shimfiɗa maka tuhumomin ɗaya bayan ɗaya, in kuma ambaci abin da na sani na uzurinka.

Tuhuma ta farko ita ce ba ka faɗin ko kai nawa ne. Ka yi da'awar cewa kai ne adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da 2, amma da yaro ya gwada 1.4 sai ya sami 1.96, da ya ƙara himma ya gwada 1.414 sai ya sami 1.999396, haka nan zai yi ta matsowa kusa da kai kana ja da baya, alhali sulusi, wanda shi ma ba ya ƙarewa bayan ɗigo, yana da ladabin maimaita uku-uku don a san inda ya dosa. Wannan hali naka kuwa ba yau ka fara shi ba, gama akwai wani ɗan allon yumɓu na mutanen Babila, wanda aka rubuta tsakanin 1800 da 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ajiye yanzu a jami'ar Yale ta Amurka, inda marubucin ya zana murabba'i, ya ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya biyo sawunka daidai har gida biyar bayan ɗigo, sa'an nan ka kuɓuce masa. Har ma akwai hikaya ta Yunanawa mai cewa wani almajirin mazhabar Fisagoras, wai shi Hibasus, teku ta ci shi saboda ya tona asirinka ga jama'a. In hikayar ta inganta, ashe akwai diyya a wuyanka tun kafin a haifi masu ƙarar nan.

Uzurinka a nan mai ƙarfi ne, hujjarsa kuma gajeriya. A ƙaddara kai kasari ne, adadi bisa adadi, an taƙaita su har babu abin da ke raba su duka biyu. To, murabba'in na sama dole ya zama ninki biyu na murabba'in na ƙasa, ke nan na sama shafa'i ne, tun da wutiri in ya ninka kansa wutiri yake haifa. In kuwa na sama shafa'i ne, 4 na raba murabba'insa, wannan kuma ya wajabta wa na ƙasa shi ma ya zama shafa'i. Ga su duka biyu 2 na raba su, bayan mun shaida tun farko babu mai raba su. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ashe ba taurin kai ya hana ka zama kasari ba, haka Allah ya halicce ka.

Tuhuma ta biyu ita ce ƙabilanci. A wajen tarawa ba ka zama inuwa ɗaya sai da jininka, ta yadda 3√2 da 5√2 za su haɗu su ba da 8√2 cikin lumana, amma √2 da √3, in an tara su, kowa sai ya tsaya a gefensa har abada, yaron da ya yi musu sulhu ya rubuta √5 kuwa jan alƙalami ne ladansa. Wanda ke shakka ya gwada da waɗanda ke fita daidai: √9 da √16 jimlarsu 7 ce, √25 kuwa 5 ne. Abin mamaki, da an zo wajen ninkawa sai ka saki jiki da kowa, √2 sau √3 ya zama √6 ba gardama, in ka gamu da kanka ma sai ka tuɓe alamar ɗungum ka koma 2.

Tuhuma ta uku ita ce ɓad da kama. Almajiri ya ga √18 da √8 ya ɗauka baƙin juna ne, ashe 18 shi ne 9 sau 2, 8 kuma 4 sau 2, da an fitar da 3 daga wancan, an fitar da 2 daga wannan, sai ga ka zaune a cikin kowannensu, 3√2 da 2√2, jimla 5√2, wato √50. Malaman jabru sun daɗe da gane wannan nasaba. Bayan Alhawarizmi ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, sai Abu Kamil mutumin Masar ya buɗe muku ƙofa sosai, ya karɓe ku a matsayin amsar mas'ala, ya kuma shimfiɗa ƙa'idar tara ku da ɗebe ku. Alamar da kuke fakewa a ƙarƙashinta ma aro ce ta baya-bayan nan, gama Bajamushen nan Rudolf ne ya fara buga ta a 1525, Dekart Bafaranshe ya ja mata layi a ka a 1637.

Tuhuma ta huɗu ita ce wahalar fitar da kai daga ƙarƙashin layin kasari, a nan kuwa ina ganin kai aka zalunta. Magabata, da ba su da na'urar lissafi, sun lura cewa raba 1 da 1.41421 aiki ne mai cin tawada, amma in aka ninka sama da ƙasa da √2, al'amarin ya koma √2 bisa 2, sai a raba 1.41421 gida biyu a sami 0.7071 kafin a ƙifta ido. In kuwa ka zo da rakiya, kamar 1 bisa (√2 − 1), sai a kira kishiyarka (√2 + 1) a ninka, ƙasa ta zama 2 a ɗebe 1, wato 1, amsa ta fito √2 + 1 tsaf.

Da na auna waɗannan duka, hukuncina shi ne ba ka da laifi, illa ma kai ne mai gaskiya a cikin ajin, domin wanda ya rubuta √2 ya faɗi adadin cif, wanda ya rubuta 1.414 kuwa ya yi tauye a mudu, komai ƙanƙantarsa. Masu ƙarar ma ba su san suna cin arzikinka ba. Takardar A4 da ke hannunsu kullum faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, an yanka ta bisa awonka tun tsarin da Jamus ta kafa a 1922, don in an naɗe ta biyu kamanninta kada su sauya. 297 bisa 210 kuwa shi ne 99 bisa 70, murabba'in 99 shi ne 9801, ninki biyu na murabba'in 70 kuma 9800, saura ɗaya tak, wanda masu injin takarda suka yafe, kai ba ka yafe ba.

Roƙona gare ka guda ne: ranar jarrabawa ka umarci 'yan gidanku su zo da kamanni masu sauƙin ganewa, irin su √12 da √75, ni kuma na ɗauki alkawarin gargaɗin yara su nemi murabba'in da ke ɓoye cikin kowane adadi kafin su taɓa alƙalami. In za ka aiko da jawabi, don Allah ka sa hannu da alamarka kawai, gama in ka ce sai ka rubuta cikakken sunanka, za a busa ƙaho ba ka kai rabi ba.

Haza wassalam.

Naka mai ƙaunarka ala tilas,
Tsohon malamin hisabi.