Giya Biyu Har Bakori

Mota ma tana tsufa daga ciki, musamman wadda ta sha jigilar masara tsakanin Dandume da Funtua. Tawa Fijo 504 ce doguwa, irin waɗanda kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna ya riƙa haɗawa bayan an buɗe shi a 1975. Injinta garau yake. Cikinta ne rana da ƙura da gwiwoyin fasinja suka gama da shi, har robar nan ta tsakanin kujerun gaba, wadda sandar giya ke fitowa ta cikinta, ta ɓace ta bar rami. Goron da ya faɗa ciki sai dai a yi masa addu'a.

Na zaga wurin masu kayan mota da 'yan gwangwan, kowa ya ce wannan roba ta zama tarihi. Sai ƙanena, wanda ba ya rabuwa da waya, ya nuna mini wani Ba'amurke a YouTube yana ƙera irinta da faiba, yana murmushi, ko gumi babu.

Faiba abu uku ne: tabarmar zaren gilas, da ruwan rezin mai kauri, da wani ruwa a 'yar kwalba, hadina, wanda ke sa rezin ya daskare. Masu gyaran jikin mota sun daɗe suna liƙe bamba da shi a garejojinmu, Amurkawa kuwa tun 1953 suka yi wa motar Corvette jiki sukutum da shi. Na ce to, ni da ɗan akwati kawai nake so, mai mazaunin filas ɗin shayi da waya da sifika biyu na sauraron Shata, ai abin bai kai a nemi shawara ba. Na aika Kano aka sayo kaya. Abin ya ɗan sosa mini rai, domin Funtua garin zare ne. Turawan BCGA sun kafa gidan gurzar auduga da har yau unguwa ke amsa sunansa, ga kuma masaƙa tun 1978, amma zaren gilas sai an yi tattaki.

Na fara sassaƙa siffar akwatin da farin soson nan da ake tallafe sabon firij da shi a kwali. Ya yi kyau har maƙwabta suka leƙo. Ina zuba rezin sai na ga abin yana lotsawa, yana ja da baya, kafin in ce kwabo ya koma wani kunu mai wari. Ashe rezin irin wannan yana ɗauke da sitirin, sinadarin da aka yi soson da shi, don haka narkar da shi yake yi. Baturen bai faɗa ba. Murmushi kawai ya yi ta yi.

Sai na koma ɗaya dabarar tasa: a kafa ƙashin katako a cikin motar kanta, a ja yadi a kai ya yi tsantsan, a jiƙa shi da rezin, sannan a bi da tabarmar gilas. Yadin da ya fi kusa da hannuna yana kan igiyar shanya.

"Malam, ba ka ga atamfata mai ruwan goro ba?" in ji uwargida daga soro.

Na ce, "Tana bakin aiki."

Lokacin bazara ne, a watan Afrilu, ranar nan irin wadda ko kaza sai ta nemi gindin rumbu. Ƙa'idar hadina ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rezin, in ana zafi kuma a tsaya a ƙaramin, don zafi na gaggauta shi. Amma ba a aiki a ƙofar gida a Funtua ba tare da majalisar masana ba. Mai faci ya duba kwanon ya ce, "Alhaji, wannan ɗigon ai ko shayi ba zai canza ba, ƙara." Wani tsohon direban tirela ya ce a Legas rabin kwalba ake zubawa. Mai shayi, wanda bai taɓa ganin faiba ba sai ranar, ya rantse cewa kayan yanzu duk an rage musu ƙarfi. Mutum ba ya watsa wa dattawa ƙasa a ido.

Na yi ta shafawa da sauri, atamfa na shanyewa, ina dannawa da tabarmar gilas. Can sai kwanon ya fara ƙona mini hannu, domin rezin in yana daskarewa zafi yake fitarwa, in hadina ya yi yawa kuwa har hayaƙi. Na ajiye shi, buroshi ya tsaya ƙiƙam a tsakiya, majalisa ta watse, mai shayi yana gaba. Amma abin da ke cikin mota ya kama, ya yi ƙarfi, furannin atamfa na ƙyalli ta ƙarƙashi. Na kwanta da farin ciki.

Washegari ɗaurin auren ɗan yayana a Malumfashi, ni ne kuma mai ɗaukar tawagar ango: Baffa, wanda shi ne wakili, da limamin unguwa, da wasu dattawa biyu, da goro da alawa a but. Na taka kuloci na kama sandar giya, ta ce ba ta san zance ba. Motar ba ta da birkin hannu, saboda haka a giya biyu na bar ta jiya, faiba kuwa ya zagaye sandar ya riƙe ta a nan. A cikin masanan nan duka babu wanda ya ce a bar mata wurin motsi.

Funtua zuwa Malumfashi wajen kilomita 50 ne. Fijo tana iya tashi a giya biyu, sai dai kuka. Muka hau titi inji na kururuwa, warin rezin ya cika mota, liman ya toshe hanci da rawani yana istigfari. Motocin rake suka wuce mu, A Daidaita Sahu ta wuce mu, wani mai tarakta ya bi gefenmu ya tambaya ko gawa muka ɗauko.

"Kai yaro," in ji Baffa, "ba ka da wata giyar ne?"

"Akwai, Baffa, suna ciki."

A Bakori muka sami wani mai gyaran jikin mota. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya ce aikin ya yi ƙwari, sannan ya fita bayan shago ya yi dariyarsa don kada ya ci mutuncin manya. Ya ta da janareta, ya sa giranda ya yanke wa sandar hanya. Farar ƙura ta tashi ta kwanta a kan kujeru, yaronsa ya kaɗe da tsumma, muka koma muka zauna, na buɗe tagogi na ba ta wuta a giya huɗu, iska ta tura sauran ƙurar cikin manyan riguna.

Wanda ya taɓa sussukar dawa ya san ƙaiƙayi, to ƙurar gilas ta dama shi ta shanye. 'Yan tsinkayen gilas ne ƙanana suke soke fata, in ka sosa su ƙara shiga, gumi kuma ya taya su. Maganinsu a cire tufafi a yi wanka da ruwan sanyi, mu kuwa muna sauka aka ce mu kaɗai ake jira.

Aka shimfiɗa tabarmi, ga manyan mutanen Malumfashi, garin Galadima, sun jeru. Baffa ya buɗe baki zai nemi aure, hannunsa ya riga shi zuwa wuya. Liman yana goga baya da bango a hankali, wai gyara zama yake. Dattawan biyu suka juya wa juna baya suna taimakon juna. Ni kuwa na ƙudura ba zan sosa ba, sai hawaye, har wani ya dafa ni ya ce lallai ina ƙaunar yaron nan.

Waliyyin amarya ya daɗe yana kallonmu, sannan ya matso kusa da Baffa ya rage murya.

"Alhaji, ba don komai ba. Wannan abin na dangi ne, ko shi angon ya tsira?"

Sai da aka kirawo ango ya naɗe hannun riga aka duba, sannan aka karɓi sadaki. Da aka shafa fatiha na je na buɗe wa Baffa ƙofar gaba, ya wuce ni ko waiwaye, ya tsai da wata J5 ta tumatir, ya hau baya a kan kwanduna, yana susa.