Akwati Na Huɗu

Duk wanda ya ce aikin malamin jami'a uku ne, koyarwa da bincike da hidimar al'umma, to takardar ɗaukar aiki kawai ya karanta. A shekarar da ta biyo bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, wanda ya lashe wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ni ne jami'in jarrabawa na sashenmu, ni ne mai kula da 'yan aji biyu, ga ɗaliban furojet da ke bi na har bakin masallaci. An matse zangon karatu don a rama lokacin da ya salwanta. Ana cikin haka Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, ta rubuta kashi 70, ta ce ragowar kashi 30 kowace jami'a ta rubuta nata. Ita kuwa "kowace jami'a" ɗin nan, in ka bi sawunta daga ofishin Shugaba zuwa tsangaya zuwa sashe, a kan teburin ƙaramin malami take ya da zango.

Da dambu ya yi yawa ya daina jin mai, sai wani abokina da ya dawo karatu daga Maleshiya ya koya mini dabarar akwati huɗu. Ya ce ana danganta ta da Eisenhower, shugaban Amurka, wanda a wani jawabinsa na 1954 ya raba matsaloli gida biyu, masu gaggawa da masu muhimmanci, daga baya Stephen Covey ya yaɗa ta a littafinsa na 1989. Abin da ya ja hankalina shi ne mutumin ya shugabanci Jami'ar Kolombiya kafin ya hau mulkin ƙasa. Na ce wanda ya ga yaƙin duniya na biyu, ya kuma ga taron malaman jami'a, ya fito da ransa, ai maganarsa abar ji ce.

Na sayi farin allo da kuɗin aljihuna, na kafe shi a bangon ofis, na ja layi biyu suka gitta juna. Na rubuta da manyan baƙaƙe: YI YANZU, SA MASA RANA, BA WANI, WATSAR.

Kafin azahar akwati na ɗaya ya cika har rubutu yana gangarowa. Baba masinja ne ke shigowa da takardu, kowace da jan biro an rubuta mata gaggawa. Na ce, "Baba, a cikinsu wacce ta fi gaggawa?" Ya ce, "Dakta, ai duk wadda ta iso hannuna mai gaggawa ce. Marasa gaggawar suna can a durowa tun zamanin tsohon Shugaban Sashe." A akwati na biyu abu ɗaya tal na sa, takardar binciken da ƙarin girmana ya rataya a kanta. Na sa mata ranar Asabar, na manta cewa a garin nan Asabar ta ɗaurin aure ce.

Akwati na uku ma ya yi aikinsa, ta wata fuskar. Na ba mataimakin malami haɗa makin 'yan aji biyu. Ashe shi ma abokin nawa ya koya masa dabarar, sai ya miƙa wa ɗan bautar ƙasa. Ɗan bautar ƙasa ya duba kwamfuta ya rasa kanta, aka ce ya nemi jami'in jarrabawa. Da la'asar na ji ƙwanƙwasa. "Malam, an ce kai kaɗai ka iya wannan."

Amma akwati na huɗu, nan ne daɗin yake. Na jefa kwamitin walwala, na jefa kwamitin shuka bishiya. Da na ji hannuna ya saki, sai na ƙara da taron Shugaban Tsangaya na ranar Laraba, inda akan kwashe awa guda ana gardama kan waƙafi a rahoton taron baya. Ranar Larabar na kulle ƙofa, na kashe waya, na duba takardun jarrabawa har na ga ƙasan kwali. Rabon da in ji irin wannan natsuwa tun ina ɗalibi.

Ranar Alhamis Baba masinja ya shigo yana washe baki. "Dakta, barka da arziki!" An naɗa ni shugaban kwamitin shirye-shiryen tantancewa na sashe, kuma ba hamayya. Duk wanda ya halarci taron ya kawo uzurinsa, mai ciwon baya da mai tafiya Umara. Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba da aka ambaci sunansa.

Wanda bai san tantancewa ba, ita ce ziyarar da NUC ke turo farfesoshi daga wasu jami'o'i su auna kwas: malamai, manhaja, ɗakunan karatu, laburare. Cikakkiyar amincewa tana buƙatar kashi 70, ta kuma yi shekara biyar. Ta wucin gadi shekara biyu ce. In aka faɗi, an daina ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Wannan aiki ba ya shiga akwati, shi ke haɗiye allon gaba ɗaya. Na koma mai fenti, mai aron kujeru, mai farautar tsofaffin takardun tambayoyi da rahoton mai duba jarrabawa na waje. Har duwatsun bakin hanya sai da muka shafa wa farar ƙasa. Daren ƙarshe ina tsugune gaban injin hoto, janareta na tari, ina zaro takardar da ta maƙale da tsinken tsintsiya, warin sabon fenti na hawa mini kai.

Baƙi suka iso, suka zaga laburare, suka ƙirga kujeru, sannan suka ce za su leƙa ofisoshin malamai. Nawa na share shi tas, har labule na canza. Jagoransu, wani dattijon farfesa, ya shigo, Shugaban Tsangaya da Shugaban Sashe na biye da shi. Ya tsaya gaban allon, ya gyara tabarau, ya fara karantawa da ƙarfi, a hankali, akwati bayan akwati. Da ya iso WATSAR sai na ji gumi na bin bayana. Ya karanta walwala, ya karanta bishiya, ya karanta taron Laraba, ya waiwaya ya dubi mai taron. Shugaban Tsangaya ya yi murmushin da haƙora kaɗai suka san da shi. Dattijon ya ce tsari ne mai kyau ƙwarai, ya zaro waya ya ɗauki hoto, wai zai nuna wa malaman tsangayarsu.

Bayan baƙi sun tafi, Shugaban Tsangaya ya dawo shi kaɗai. Na miƙe. "Ranka ya daɗe, ai wancan rubutu..." Ya ɗaga hannu. Ya goge taronsa daga akwati na huɗu da gefen babbar rigarsa, ya rubuta shi a saman na ɗaya, sama da sakamakon jarrabawa. Sannan ya daɗe yana kallon na uku.

"Dakta, wannan BA WANI ɗin, kowa na iya aiki da shi?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

Ya zaro wani kakkauran fayil daga hammata ya dire a teburina: tsarin ci gaban tsangaya na shekara biyar, wanda Shugaban Jami'a ya ce masa ya rubuto.

"Madalla. Kai ne wanin. Litinin nake son sa."