Daga Wasiƙa Zuwa Filashin

Kafin 1991, lokacin da Buji ke cikin Jihar Kano, dattijon da ke son aika wa ɗansa saƙo birni sai ya nemi malamin firamare ya rubuta masa wasiƙa, a damƙa wa direba. Kafin amsa ta iso, akuyar da ake shawarar sayarwa ta haihu.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Yau a Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, tsoho kan yi wa ɗansa filashin sau uku kafin a kira azahar. Saƙon dai bai canja ba: a turo kuɗi. Sai dai yanzu mai POS ke fara gutsurar rabonsa kafin tsohon ya taɓa ko sisi, mai cajin waya kuma yana gefe yana jiran nasa.