Ranar Jan Taru a Yamakoshi

A tsaunukan Nigata, a ƙasar Jafan, kifin koi ba ya kwana a tafkin laka da hunturu, don dusar ƙanƙarar yankin kan binne gida har rufi. Shi ya sa da Oktoba ta kama ake kiran gayya: a rage ruwa, a ja taru, a kwashe kifin zuwa ɗakunan ɗumi.

Akwai wani dattijo a Yamakoshi da ba ya kiran gayya sau biyu, kira ɗaya ake cika masa bakin tafki. Mutanen nan su suka dawo tare da shi bayan girgizar ƙasar 23 ga Oktoba, 2004, wadda ta tsage tafkuna, kifi ya mutu, aka kwashe mutanen ƙauyen da jirgi mai saukar ungulu. Da hannu suka sake ɗaure gaɓar tafkin. Su ke zuba abinci tun bazara, su kori zalɓe da asuba, su zauna tsugune suna tace 'ya'yan kifi ɗaya-ɗaya, don cikin dubbai kaɗan ne ke da zanen da ya cancanci a rena.

Ɗan dattijon kuwa yana Tokiyo. Ranar jan taru kaɗai ake ganinsa, da baƙi masu saye a bayansa, takalminsa fes.

Wata shekara taru ya matso da wata koi irin kohaku, fara tas mai jan zane, kusan tsawon hannun mutum. Wani tsoho cikin 'yan gayyar, wanda ya shekara yana ciyar da ita, ya jiƙa hannuwansa, zai sa ɗaya ƙarƙashin ƙirjinta, ɗaya kusa da wutsiya, kamar mai ɗaukar jinjiri. Sai ɗan ya ture shi.

"Matsa, kifinmu ne. Baba, bari baƙi su ɗauke ni hoto da ita."

Ya damƙe ta da busasshen hannu. Kifi ba ya son matsi. Ta fizge, ta bugi bakin baho, ɓawo ya ɓare daidai tsakiyar jan. A sana'ar da aka taɓa sayar da kohaku guda a Hiroshima kan yen miliyan 203 a 2018, kowa a wurin ya san abin da tabo ɗaya ke ci. Abin da ya fi ciwo shi ne ɗan ya juya, a gaban baƙi, ya ce tsohon ne ya ajiye bahon a karkace. Dattijon ya ji, ya kuwa ga yadda aka yi da idonsa, amma ya yi shiru, don ɗa ɗa ne. Tsohon ya wanke hannu, aka gama aiki, kowa ya kama gabansa.

Da wata Oktoba ta zagayo aka kira gayya. Wannan ya ce bayansa na ciwo, wancan ya ce shinkafarsa ba ta gama shiga rumbu ba. Taru ba ya jawuwa da mutum biyu, sanyi kuma ya fara sauka. Ɗan ya ce a ɗauko 'yan ƙwadago daga Ojiya.

"Ɗan nan," in ji dattijon, "wa zai nuna musu inda laka ke haɗiye ƙafa? Sa takalminka. Gidan tsohon nan za mu fara zuwa, ni zan fara magana, kai ka biyo."